Firjin Ofishin Malam

Ƙaramar likitar yara ce, ma'aikatan jinya na kiranta Autar Malam, don Malam, tsohon farfesan sashensu, ya riƙe ta tamkar 'yar cikinsa. Shi ya tsaya mata har ta samu tallafin fara bincike kan yara masu sikila. Tallafin bai taka kara ya karya ba, a firji ɗaya da kwalaben jini ya ƙare. Malam ya ce a ajiye firjin a ofishinsa, don nan ne wuta ba ta yankewa.

Gado-gado ta bi tana lallashin iyaye, tana ɗibar jinin 'ya'yansu da alkawarin zai amfani na baya.

Da Malam ya rasu, ta tare a gidansa tana taya matarsa zaman makoki. Masu shara kuwa, don girmamawa, suka yi abin da aka saba yi wa ofishin mamaci: suka share, suka kashe kowane soket, suka kulle. Ranar da ta dawo ta buɗe, warin jinin da ya lalace a firjin ne ya tarbe ta.

Ba ta yi faɗa ba. Wa za ta kama?

A baranda ta ci karo da wata uwa wadda ɗanta ya rasu bara.

"Likita, ya haƙuri?" in ji matar. "Ni abin da ke sanyaya min rai, jinin yarona na wurinki yana aiki."

Auta ta damƙe makullin a aljihu, ta ce, "Allah ya ji ƙansa, Yaya."