Kada a Komar Masuncin Whitstable

Camberwell

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka kulle flat ɗinmu, ni da maigidana da gwamnati ta turo ƙasar Turawa karatun likita lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa. Tsohuwar Baturiyar da muke haya a gidanta ce ta tashe mu tafiyar. Ƙaninta masunci ne a Whitstable, wani gari na bakin teku, komarsa ta jawo ɗan kada daga teku, ya ƙi motsi, an ce da azahar za a harbe shi ya huta. Ta san ni 'yar masuntan Yawuri ce.

"Hadiza, kin tabbata?" in ji maigida a cikin bas. "Na yi cancel ɗin komai saboda ke."

"Likita, cikin kadoji na girma."

Victoria

Jirgin ƙasa na bakwai saura kwata muka samu a tashar. Mil sittin ne, awa ɗaya da minti ashirin. Muka karya da burodi da shayin da na zubo a filas.

Whitstable

Masuncin, wani dogo mai jan gemu, ya kai mu rumfar kifinsa. Yana zaton daga jirgin kaya kadan ya faɗo. Ga shi cikin bahon ƙarfe, bai fi kamu biyu ba, sun jiƙa shi da ruwan teku mai sanyi kamar ƙanƙara. Ɗan sanda na tsaye da bindiga. Na shafa cikin kadan, ido ɗaya ya ɗan kifta.

"Gaya musu ba ciwo ba ne, sanyi ne," na ce wa maigida. "A kawo ruwan ɗumi, ba na gishiri ba."

Na ɗaure bakin kadan da igiyar koma. Matan maƙwabta suka yi ta jigilar butoci, ni ina gwada ɗumin da gwiwar hannu. Awa guda shiru, har na fara salati a zuci. Can sai jela ta tashi, fau! Ɗan sanda ya jiƙe sharkaf. Shi ya fara dariya, ya je ya bugo wa gidan namun daji waya. Ƙarfe biyu motarsu ta zo ta ɗauke kadan.

Komawa

Ƙarfe shida muka iso gida, da ƙunshin kifin da masuncin ya tilasta mana. Tsohuwar na bakin ƙofa tana jira.

"Yana raye?"

Ban jira maigida ya fassara ba. Da guntun Turancina na ba ta labarin kaf, tana riƙe da hannuna. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa matan butoci.