Bidiyon Damagaram a Falon Umma

Abubuwa da yawa sun shige min, amma ba na jin zan taɓa manta wata Asabar da na yi a gidan Ummanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, ranar da bidiyon biki ya kusa kunyata ni a gaban mata cike da falo. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, maigidana ya ɗago kai ya tambaye ni ko lafiya.

Umma tana da yaya guda ɗaya da ta rage mata a duniya, mu muna ce mata Inna, tana aure a Damagaram tun kafin a haife ni. Ciwon gwiwa ya kama su su biyun kamar sun haɗa baki, shekaru suka tafi babu wadda ta taka ƙofar wata. Suna gaisawa ta waya, amma idon Umma ya yi rauni, in an nuna mata fuska a waya sai ta ce ita inuwa kawai take gani. Da aka tashi bikin jikar Inna, ni aka tura. Na je na ci na sha, na dawo da bidiyon bikin a kwamfutata, irin mai kaifin nan da har zaren mayafi ana gani. A cikinsa Inna ta zauna gaban mai ɗauka ta yi wa ƙanwarta gaisuwa ta musamman.

Ni kuwa a gidanmu ni ce injiniya. Aikin jinya nake yi, amma tun ranar da na gyara wa Umma rediyo ta hanyar juya batir sunan ya bi ni, ni ma ban ƙi ba. Ni na sayo mata rauta, 'yar na'urar nan mai ƙahoni da ke raba wayifai a gida, na ɗora ta can saman kabet ɗin falo. Don haka na bugi ƙirji na ce ranar Asabar bayan la'asar za ta ga yayarta a babbar talabijin kamar a kan kafet take zaune. Ashe Umma ta gayyato ƙawayenta na Islamiyya da maƙwabta, har an jiƙa shinkafar waina.

Da azahar na hau adaidaita daga Tarauni, kwamfuta a jaka, ina jin kaina. Na tarar falo ya sha gyara, turaren wuta yana tashi, kwanukan jeren Umma sun sha goga sai ƙyalli suke. Na fara da hanya mai sauƙi, na zuba bidiyon a filash na soka a talabijin, ta nuna ba ta san da shi ba. Ramin kebul na kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa tun wata faɗuwa da ta yi. Sai na ce ba komai, ai da ma na fi son in tura shi ta wayifai, daga kwamfuta zuwa talabijin, Umma ta ga aiki.

Kalangu ya tashi a allo, matan biki suka shigo da rawa, na juyo ina murmushi. Kafin in rufe baki hoto ya sandare, wani ɗan zobe ya hau juyawa a tsakiyar allo. Da ya ga dama ya saki, sai fuskokin suka farfashe gida-gida kamar zanen tabarma. Umma ta matso da kujera ta ƙura ido.

"Wannan ce Yaya?" ta tambaye ni.

"A'a Umma, wannan tukunyar abinci ce."

"To Allah Ya sa dai mu gan ta," ta ce, ta koma wajen wainarta.

Wannan addu'ar ta fi zagi yi min ciwo, don na ji yadda ta saka rai. Na zagi kamfanin sadarwa a raina, na zagi talabijin, na kashe soket na kunna ya fi sau biyar. Na rage kaifin bidiyon, ya tafi sumul, amma sai ya koma inuwar nan da Umma take kuka da ita, to me aka yi ke nan? Duk wannan bidiri ban ɗaga kai na dubi saman kabet ba ko sau ɗaya. Yanzu da nake ba da labari abin yana ba ni mamaki, amma a lokacin na riga na yanke hukunci cewa laifin na wani ne can nesa.

Na sake tsayar da adaidaita na nufi kasuwar waya ta Tarauni, wajen wani mai shago da nake sayen caja a hannunsa. Dattijo ne mai sanyin magana, ya saurare ni har na gama zuba.

"Hajiya, rautar a ina take?"

"A falo mana, saman kabet."

"A fili take?"

"Malam, ni fa na ajiye ta da hannuna."

Ya yi ɗan murmushi bai ja ba. Ya auno min doguwar kebul ya ce in haɗa talabijin da rauta kai tsaye, a rage wa iska kaya. Ya ce rautar tana da layi biyu, in ɗora kwamfutar a kan mai saurin, amma in zauna kusa, don shi wannan layin ba ya nisa kuma ba ya son shamaki. Sannan duk wata waya da ke kan wayifai ɗin a sauke ta har a gama kallo.

Ina dawowa na ga takalma sun cika ƙofa. Mata sun zauna, waina da miyar taushe na zagayawa, kowacce kuma kanta a kan waya, don Umma ta ciro takardar da na rubuta mata faswod ta ba su kamar tana rabon goro. Na gaishe su a gurguje, na jawo kujerar tsugunno na hau don in soka kebul. Na shafa saman kabet, babu rauta. Na leƙa baya, babu. Sai na kama wayar wutarta na bi ta a hankali, ta ratsa bayan samiru, ta hau, ta shige ƙarƙashin murfin babbar fantekar Umma, wadda ta zo da ita gidan aure.

Na ɗaga murfin. Ga rauta kwance a kan tawul mai laushi, an lanƙwashe mata ƙahoni, ta yi zafi kamar dankalin da aka ciro daga toka.

"Umma, wa ya sa wannan a nan?"

"Ni ce," ta ce, ko a jikinta. "Baƙi za su zo, ga abu da ƙahoni ya tsaya min a tsakiyar jere kamar ƙwaro. Kuma abu mai tsada ai ba a barinsa a fili. Ba ki ga har shimfiɗa na yi masa ba?"

"Umma, ƙarfe ne fa. Kin rufe shi ruf, ta ina zai yi magana da talabijin?"

"Au, numfashi yake yi?"

Falo ya kwashe da dariya. Wata maƙwabciya ta ce ai tasu ma a cikin durowa take tun da aka kawo ta, shi ya sa kullum suke faɗa da yara kan netwok. Ni dariyar ta ci ƙarfina har sai da na zauna a kan kujerar da fanteka a cinya, ina tuna yadda na ɗaga wa bawan Allah murya a kasuwa.

Na miƙe wa rauta ƙahoninta, na ajiye ta a fili, na ja kebul zuwa talabijin, na koma kan layi mai sauri. Da na roƙi mata su sauka daga wayifai, rabinsu ba su san inda ake kashewa ba. Umma ta ce a bar mata wannan. Ta ɗauki fantekar ta zagaya, kowacce ta jefa wayarta tana dariya, ta kifa murfi ta ajiye a gefenta.

Na danna. Kalangu ya tashi, wannan karon bai tsaya ba. Hoto ya fito tar, har gumin goshin makaɗi kana gani. Mata suka fara rausaya a zaune, wata ta rangaɗa guɗa. Can sai ga Inna ta cika allo, tana gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "Ƙanwata, ina gwiwa?" Umma ta tashi ba tare da ta dafa komai ba, ta je dab da talabijin ta tsaya. Ta daɗe tana kallo, ni kuwa idona ya cika, don na san shekarun da ta yi tana jiran wannan fuskar.

"Tsayar min da shi nan," ta ce.

Na tsayar. Ta sa yatsa a wuyan Inna.

"Wannan murjanin mahaifiyarmu ne. Yaya ta ce min ya ɓata a hanya tun shekarar da ta tare. Ku miƙo min wayata."

Aka buɗe fanteka aka tono wayarta, ta sa na kira Inna, na ƙara murya kowa na ji.

"Yaya, na gan ki. Kin tsufa. Na kuma ga murjanin Iya a wuyanki."

Dariyar Inna ta cika falon. "Da gangan na saka, in ga ko da sauran idonki. Yana nan, in kina so ki zo ki karɓa da hannunki."

Umma tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Zan zo kuwa." Duk mun ɗauka zance ne. Bayan ƙaramar salla sai ga ta ta sa an nemo mota, da gwiwar da komai, ni ce 'yar rakiya. Sati biyu ta yi a Damagaram suna kwana ɗaki ɗaya, ta dawo ba murjani, ta ce ya fi yi wa Yaya kyau.

Abin da ranar ta koya min shi ne in abu ya ƙi, in fara duba abin da ke gabana da idona kafin in ɗora laifi a kan na nesa, in kuma tambayi mutanen gida me suka taɓa, ba tare da na ɗauka na fi su sani ba. Na kuma gane cewa dattijuwar da ta ce ba za ta iya tafiya ba, wani lokacin ganin fuskar nata kawai take jira.