Lagwanin Kawu Danladi

Duk wanda ya san Kawu Danladi, ƙanin mahaifiyata, ya san ba a gaishe shi da hannu idan yana gaban auduga. Gwiwar hannu zai miƙo maka ya ce, "Yi haƙuri, na riga na wanke." Sai ka ja kujera ka zuba ido, yana murza farin ƙulli tsakanin tafukansa kamar mai mulmula fura.

Tun yana saurayi a Jos yake shan taba. Da ya zo Greensboro, nan Amurka, ya kama aikin sito a Wendover, likita ya duba ƙirjinsa ya ce ya zaɓa, ko taba ko jikoki. Shi ne ya koma sigarin lantarki, wanda shi yake kira risho. Amma fa Kawu bai yarda da haɗin kanti ba. Da kansa yake murɗa waya, ya zura auduga a cikinta ta zama lagwani, ita ke jawo ruwan daga tanki zuwa wuta.

Wata rana abokinsa Malam Isuhu, ɗan Nijar ɗin nan mai tasi, ya shigo yana tari har da hawaye. Kawu ne ya ja shi ya bar taba, shi kuma ya ce zai gwada haɗa nasa.

"Danladi, abin nan kashe ni zai yi! Kamar na haɗiyi ƙonannen tsumma."

Kawu ya kwance tankin, ya ja audugar, ta ƙi motsi.

"Haba Isuhu! Lagwani aka ce ka sa, ko katifa?"

Ya zaunar da shi. Ya ce idan ta matse ruwa ba zai wuce ba, sai ta ƙone. Idan ta yi sako-sako tanki ya yi yoyo. Ka ja ta a hankali, ta biyo ka tana ɗan gardama. Sannan ya datse bakin da almakashi, ya taje shi da allura har ya yi laushi, ya kwantar da shi a rami ba tare da dannawa ba, ya jiƙa, ya ce a jira.

Isuhu ya zuƙa, ya lumshe ido ya ce, "Dakor, na yarda. To amma me ya sa ba ka yi wa matarka magana a hankali haka?"

Anti Rifkatu ta amsa daga kicin, "Tambaye shi dai, Malam!"

Sai maganar noma. Kawu ya ce audugar kanti an wanke ta da magani, shi ba zai zuƙi abin da bai san asalinsa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana zuƙar taba fa! Ya roƙi wani ɗan cocinmu mai fili a Summerfield ya ba shi kunya biyu, ya shuka auduga. Duk Asabar yana can da bokiti, yana yi wa tsiron magana. Ana cikin haka barewa ta shigo ta cinye tas. Muka je jaje muna danne dariya, muka same shi tsaye, hannu a ƙugu.

"Kun gani ko? Duk masarar maƙwabta ta tsallake, nan ta zo. Dabbar nan ta san kaya."

Labarin coci kuwa, da yawanku da kuka zo jana'izar nan kuna wurin. Ana tsakiyar wa'azi ƙamshin mangwaro ya cika layinmu. Muka duba, aljihun farar rigar Kawu ya jiƙe shakaf da ruwan risho. Da aka tashi na matsa kusa da shi.

"Kawu, yau lagwani ya yi sako-sako ke nan?"

Ya harare ni. "Lagwanina lafiya lau. Tanki ba ya son dogon zama ne. Je ka gaya wa fasto."

Daga baya ƙirjin ya sake tashi, likita ya ce rishon ma a ajiye. Mun zaci za a yi yaƙi. Ko musu bai yi ba, ya miƙa wa Anti ya ce ta ɓoye. Amma audugar bai bari ba. Abokan aikinsa masu fama da barin taba suka riƙa kawo tankunansu, yana sa musu lagwani yana faɗa: "Wannan hanya ce, ba gida ba. Ka rage, ka rage, ka ajiye." Isuhu ya ajiye nasa kafin Kawu ya kwanta asibiti.

A asibitin na same shi ya samo ɗan ƙullin auduga wajen nas, yana murzawa.

"Kawu, ba tanki a nan fa."

Ya ci gaba da murzawa. Sannan ya ce, "Kakarka kaɗi take yi. Ina ƙarami ni ke riƙe mata auduga, tana jan zare. Da ta rasu ina nan, takarduna ba su fito ba, ban je ba." Ya dubi tafinsa. "Idan ina murzawa sai in ji kamar tana gefena."

Ban taɓa jin wannan ba, Anti Rifkatu ma ta ce ba ta taɓa ji ba. Na zauna, ya miƙo mini rabi, muka yi ta murzawa tare.

Ya Ubangiji, ka ba Kawu hutu, ka buɗe masa ƙirjin da ya daɗe yana yi masa nauyi. Ka ta'azantar da Anti da yara. Ka sada shi da mahaifiyarsa. Amin.