Mabuɗin Makarantar Seño Eulogia

Kafin rana ta leƙo ta bayan dutse, Seño (wato Malama) Eulogia Quipildor ta riga ta fasa ƙanƙarar da ta kwana a saman ruwan duro, ta hura murhu, ta ɗora shayin ganyen mate. Sai ta zura farar rigar malamai a kan rigunan sanyi uku, ta tsaya a ƙofar makaranta. A lokacin gajimare yana kwance ƙasa da ita, ya cika kwari fal kamar auduga, kuma daga cikinsa yara suke ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, wani a ƙasa, wani a kan alfadari, hular ulu tana riga mai ita bayyana. Idan huluna sun cika sha tara, sai ta buga tsohon ƙarfen garma da ya zama ƙararrawa. Shekara talatin da huɗu ke nan haka gari yake waye mata a Piedra Mora, can saman tsaunukan arewacin Ajantina.

Ɗaki ɗaya ne, aji bakwai, malama ɗaya. Don Hilario mai alfadarai ya ga ranar da ta goya yarinya mai zazzaɓi ta sauka da ita tafiyar awa shida. Doña Casilda mai dafa abincin yara tana da shekara hamsin Seño ta kama hannunta ta koya mata rubuta sunanta, har yau kuma a kan kowane buhun masara sai ta rubuta shi. Mu kuwa da muka zauna a gabanta ba ma manta ranar darasin teku. Babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu. Ta zuba gishiri a kwanon ruwa, ta ce kowa ya rufe ido ya ɗanɗana, ita kuma tana girgiza tsakuwa a cikin gwangwani. Wallahi mun ji igiyar ruwa tana taɓa mana ƙafa.

Kowace shekara, ranar bikin tuta, ɗalibin da ya fi kowa maki shi ke ɗaukar tutar ƙasa. Seño takan durƙusa ta ɗaura masa ɗamara da hannunta, ta raɗa masa magana a kunne. Kowa ya ɗauka tasa ce shi kaɗai, ashe ɗaya ce: "Da wannan kan naka, kada ka tsaya nan. Ka zama komai, ban da malami."

Ƙauna ce ta sa. Ta san albashin da ke isowa a makare kuma a rame, ta san tulin takardun ofis, ta san 'ya'yanta biyu sun girma a birni a hannun ƙanwarta, sai hutu take ganinsu. Ba ta so wa ɗan kowa haka ba.

Bara ta nemi ritaya, gwiwoyi sun gaji. Aka yi shelar gurbinta sau uku. Wani matashi ya hau, ya yi kwana tara, ya sauka ba sallama. Daga ofis aka ce in ba a samu malami ba za a rufe makarantar, a kwashe yara zuwa ta kwana a cikin kwari.

Duk da haka muka shirya mata walima. Mu ashirin da biyu cikin waɗanda suka taɓa ɗaukar tuta muka hau dutsen, da likitoci da lauya da injiniyoyi, har da mai wannan rubutu. Ana gasa akuya, Seño tana bin mu da kallo, tana murmushi. Can ta ce, "To wai ba malami ko ɗaya a cikinku?"

Likita Fermín ya yi dariya. "Haba Seño! Ai ke kika hana mu."

"Ni?"

"Ke fa," in ji Nélida mai kantin magani. "Har na cike takardar kwalejin horon malamai, kika ce in yaga. A gabanki na yaga."

Seño ta juya tana kallon kwari, inda gajimare ya fara taruwa, kofin mate ya huce a hannunta. Mun ji kunya, mun kuma ji tausayinta.

Seño, ke ce uwar masu tuta. Ke ce kika buɗe mana ƙofar duniya, kika manta ki bar wanda zai tsare taki. Ba mu ga laifinki ba, don abin da iyayenmu suke faɗa a gida shi kika faɗa mana a kunne.

Seño ta janye ritayar, ta ce shekara ɗaya kawai. Bana Aylén Vilte, 'yar shekara sha biyu, ita ta ɗauki tuta. Seño ta durƙusa da ƙyar ta yi raɗarta, yarinyar ta zaro ido. Ana gama taro sai ga uwarta, Doña Rufina, tana huci.

"Seño, me yarinyar nan ta yi miki? Wai malama za ta zama? Ita ce fa ta ɗaya!"

"Shi ya sa, ƙawata."

"Shi ya sa me?"

"Ƙannenta uku suna tafe. Wa kike so ya koya musu, na ƙarshe a aji?"

Rufina ta ja hannun 'yarta suka nutse cikin gajimare. Aylén ta waigo sau biyu.

Mun gode, Seño Eulogia. Allah ya ƙara wa gwiwoyin nan ƙarfi. Ku kuma masu kaifin kai da kuka taɓa ɗaukar tuta a ko'ina, ku ji: Aylén tana bukatar shekara goma kafin ta zura farar riga, Seño kuwa ɗaya ta rage mata. Mabuɗin yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, kuma gobe da safe hula sha tara za su fito daga gajimare.