Ban Dangwala Ba

Na fara aiki ne a matsayin malamin haraji a ƙasar Gwarzo, tun muna zagaya ƙauyuka a kan keke da littafi ɗaure a baya, na kuma yi ritaya daga baitulmalin ƙaramar hukuma bayan shekara talatin da biyar. Saboda haka ba ni ne mutumin da za a zaunar a yi wa bayanin wajibcin haraji ba. Da na buɗe ɗan shagon iri da taki da maganin feshi a Getso da kuɗin sallamata, da ƙafata na je ofishin haraji na ce a rubuta ni, har ma'aikacin ya ɗago kai ya sake dubana.

Shekara da shekaru ni nake zuwa in biya, in karɓi rasit. Daga baya gwiwoyi suka ƙi, tsayuwar layi ta zama azaba. 'Yata ta uku, wadda ke koyarwa a Kabo, ita ta kawo shawara wata Asabar da ta zo gaishe ni.

"Baba, akwai hanya mai sauƙi. Takarda ɗaya za ku cike a banki, ku ba su izini. Duk ƙarshen wata su ciri harajin daga asusun shago su tura wa hukuma. Ku dai saƙo kawai za ku gani a waya."

Ban yi mata gardama ba. Mutum ya ba da umarni sau ɗaya a rubuce, a riƙa bi har sai ya janye, wannan tsari ne da ya yi mini. Ta kawo fom ɗin, na cike shi da kaina da manyan baƙaƙe. Ya ci mini safiya guda, domin shekara uku ke nan hannuna na dama yana rawa. Likita ya ce ba abin tsoro ba ne, shekaru ne. Na sa hannu a ƙasa, ta kai musu. Bayan mako guda aka kira a waya aka ce in zo da kaina, wai sa hannun bai dace da wanda ke wurinsu ba.

Sa hannuna ba ƙaramin abu ba ne. Sunaye uku ne a haɗe da rubutun boko, alƙalami ba ya ɗagawa daga farko har ƙarshe, harafin farko da lanƙwasa kamar ƙugiya, sannan layi a ƙasa da ɗigo biyu. A firamare aka koya mana irin wannan rubutu, da tawada da alƙalamin tsomawa, malami na tsaye a kanmu da rula. Akwai lokacin da ba a biyan albashin ko masinja sai wannan sa hannun ya hau takarda.

Muka je bankin a Gwarzo ni da 'yata. Ma'aikaciyar da ke bayan kantar bankin yarinya ce mai ladabi, ta gaishe ni har da tambayar jiki da iyali da kasuwa. Ta juyo mini da fuskar kwamfuta, sai ga sa hannuna na da, tsaf kamar an buga da inji. Ta ba ni farar takarda ta ce in sake gwadawa. Na gwada sau uku. Lanƙwasar farko tana fita, amma kafin in kai suna na biyu sai layin ya kama tsalle. Ni kaina da ina kan kujerar aiki aka kawo mini waɗannan, da na mayar da su.

Sai ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko ɗan gwangwanin tawada.

"Baba, kada ku wahalar da kanku. Ku dangwala kawai, Anti ta sa hannu a matsayin shaida, shi ke nan."

Ta haɗo da wata takarda ta biyu. Na sa tabarau na karanta. An rubuta cewa an karanta wa mai asusu wannan umarni, an fassara masa da Hausa, ya nuna ya fahimta kafin ya dangwala, kasancewar bai iya karatu da rubutu ba.

Na san waɗannan kalmomi tun kafin a haifi uwar ma'aikaciyar nan. Na rubuta su ba adadi. Na riƙe manyan yatsun manoma a ƙauyukan Jama'a da Masanawa, yatsu masu kaushi da tawada ba ta kama su sai an danna, na ɗora su a kan takarda. Ban taɓa raina ko ɗaya daga cikinsu ba, da yawa sun fi ni hankali da dukiya. Abin da aka rubuta a kansu gaskiya ne. A kaina kuwa ƙarya ce.

Na tura wa ma'aikaciyar gwangwanin. Na ce, "Yarinya, mayar da shi inda kika ɗauko."

"Baba, ai lokacin rajista kun sa yatsunku goma a na'ura."

"Wannan don a san ni ne. Sa hannu kuwa don a san na karanta na yarda ne. Ba ɗaya suke ba."

'Yata ta sunkuyo kusa da kunnena. "Baba, don Allah. A fayil za a sa ta, ba mai gani."

"Ni na gani. Kuma ke ce za ki sa hannu ki shaida ubanki bai iya karatu ba? Wa ya riƙe miki hannu kika rubuta baƙin farko?"

Mutanen da ke bayanmu a layi suka fara gyaran murya, wani ma ya ce a taimaka a sallami Baba. Na juya na ce masa Baba bai nemi taimako ba. Daga nan aka shigar da mu wurin manaja, wani mutum mai furfura kaɗan a gemu da fara'a da yawa.

"Alhaji, barka da zuwa. An ce kun tayar mana da yajin aiki a kanta."

"Yajin dangwale ne, Manaja."

Ya yi dariya, sannan ya faɗa mini gaskiya: in takardar ba ta shiga a makon nan ba, harajin wannan watan sai na je na bi layi da kaina. Na ce masa na gwammace a riƙa tura ni ofishin haraji a baro duk wata da a ajiye waccan takarda da sunana. Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba.

"To, ƙa'ida ba ta ce lallai sai tsohon sa hannu ba. Za mu buɗe muku sabon katin sa hannu. Amma duk abin da kuka rubuta, sai kun maimaita shi sau biyu a gabana, su fito iri ɗaya."

Na gwada suna ɗaya a haɗe, ya ƙi. Na gwada haruffan farko kaɗai, na biyun ya fito kamar ba ɗan'uwan na farkon ba. Na ga gwangwanin tawada a gefen teburinsa shi ma, na kawar da kai.

Na ajiye biro na huta. Da na sake ɗauka, sai na fara daga hannun dama na takardar. Sunana na yanka haruffa huɗu ne a ajami, gajeru, biyu daga cikinsu ma ba sa haɗuwa da na gabansu, ana ɗaga alƙalami a numfasa. Mahaifina ya koya mini su a kan allo tun ban san akwai boko ba. Na rubuta sau ɗaya. Na rubuta na biyu a ƙasa. Manaja ya ɗaga katin ya duba, ya miƙa wa ma'aikaciyar.

"Sun yi daidai, ranka ya daɗe," in ji ta.

"Alhaji, 'yan kasuwa nawa ne a garin nan suke sa mana hannu haka! Me ya hana ku tun ɗazu?"

Na ce, "An koya mana cewa wannan ba rubutun ofis ba ne, ni kuma na daɗe ina yarda."

Na sa hannu a kan umarnin cire harajin da haruffan nan huɗu, ya buga hatimi. Sannan ya sa aka ɗauko tsohon katin daga ma'ajiya, ya ce dole a soke shi, ya ɗauki jan biro. Na miƙa hannu.

"Kawo. Ba wanda zai soke shi sai mai shi."

Ya ba ni. Na ja layi biyu a kan sunayen nan uku. Layukan sun karkace ƙwarai, na biyun har ya fita daga katin ya taɓa teburin manaja. Na rufe biron na mayar masa, na ce wa 'yata ta miƙo mini sandata, akwai masu jiran irin wake a shago.