Keken da Aka Ɗora Yaya Tabawa a Kai

Wata rana wani matashi mai suna Tanimu ya sauka a tashar garinsu, bayan ya shafe shekaru yana jan tirela tsakanin Fatakwal da Legas.

Da ƙyar ya gane garin.

An sare tsamiyar bakin tasha, an kafa rumfar masu cajin waya. An rufe rijiyar unguwa da siminti. Abokinsa da suke satar mangwaro tare ya tara gemu, shi ke jan salla. Yaran da ya bari ana goyo su ne suka kewaye shi da babura suna, "Oga, ina za ka?"

Sai ya ɗaga kai ya ga wani ƙaton allo a bakin kasuwa.

Hoton yayarsa ne, Tabawa, wadda shan-inna ya shanye wa ƙafafu tun tana ƙarama. Ga ta a kan sabon keken guragu mai taya uku, irin wanda ake murzawa da hannu, tana murmushi. Kusa da ita ga shugaban wata gidauniya, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya dafa kafaɗarta.

Tanimu ya yi hamdala har da ƙwalla.

Ya yi sallama a gida.

Tabawa ta fito tarbarsa da rarrafe, silifas a tafin hannuwanta, yadda ya bar ta.

"Yaya, ina keken?"

"Auta, zauna ka sha ruwa tukuna."

Bai zauna ba.

Ta ce ranar da aka ɗauki hoton nan an tara su, guragun garin, a filin makarantar firamare, aka rufe ƙofa. Aka ɗora kowa a kan keke, aka ce su washe baki, aka yi hotuna. Da manyan baƙi suka shiga cin abinci, sai aka ce kowa ya sauka, wai za a ƙara wa tayoyi iska. Aka loda kekunan a mota.

Har yau iskar ake ƙarawa.

Kekunan nan dai su ne ake yawo da su gari gari. Fuskokin da ke kai kawai ake canzawa.

Abin da ya fi ci mata rai ma daban ne. Maƙwabciyarsu Baba Talle ta bi gida gida tana cewa Tabawa ta sayar da kekenta ta cinye kuɗin. Masu ɗan taimaka mata suka janye hannu. Wa zai yarda da ita, ga allo a kasuwa yana ƙaryata ta kullum?

Tanimu ya fita tsakar gida ya ɗauki taɓarya.

Ta ce, "Ajiye. In ka fasa masa kai, kai a gidan yari, ni a ƙasa, shi a asibiti ana ɗaukarsa hoto."

Ya ajiye. Amma zuciyarsa ba ta ajiye ba.

Ba a jima ba aka ji gidauniyar za ta yi rabo a garin da ke gaba da su. Tanimu ya je ya durƙusa gaban Sarkin Guragun garin, ya kwashe komai ya faɗa masa. Tsohon ya shafa gemu ya ce, "Kai dai ka tsaya mana a ƙofa. Sauran aikin na hannuwanmu ne."

Ranar taro aka cika fili. Rumfuna, lasifika, hakimi, baƙi daga birni, masu kyamara.

Tabawa ta shiga layi da rarrafe. Yaran gidauniyar suka ɗaga ta suka ɗora a kan keke. Ciyaman da kansa ya zo ya dafa kafaɗarta ya washe baki.

Bai gane ta ba.

Matar da fuskarta ke allonsa!

Ana cikin hoto, tun baƙi ba su tashi ba, Sarkin Guragu ya kaɗa ƙararrawar kekensa sau ɗaya.

Gaba ɗaya guragun suka murza kekunan, suka nufi ƙofa.

Tanimu ya zare sakata, ya wangale ƙofar filin, ya tsaya ya harɗe hannuwa.

Ciyaman ya tattare babbar riga ya taho da sassarfa, yana magana ƙasa-ƙasa: "Kai yaro, rufe ƙofar nan! Ba a gama ba!"

Tanimu ya ɗaga murya yadda ake kiran lodi a tasha: "Ranka ya daɗe, kyauta ce ko aro? Ga hakimi, ga baƙinka, ga masu kyamara. Faɗa su ji."

Ciyaman ya dubi masu kyamara, ya amsa ƙasa-ƙasa.

"Kyauta ce."

"Na baya ba su ji ba, ranka ya daɗe."

"Kyauta ce!"

Aka ɓarke da tafi. Baƙi suka miƙe suna sa wa Ciyaman albarka, shi kuwa gumi na bin wuyan rigarsa, yana kallon kekunansa suna ficewa ɗaya bayan ɗaya. Dole ya riƙa ɗaga musu hannu.

Da Tabawa ta zo wucewa ta gabansa sai ta ja birki. Ta ce, "Alhaji, tayar ta sha iska sosai. Kada a wahalar da yara."

Motar gidauniyar fayau ta koma birni.

Washegari Tabawa ta yi wanka, ta sa atamfar salla, ta hau kekenta. Ba kasuwa ta fara zuwa ba. Ƙofar Baba Talle ta tsaya, ta yi ta kaɗa ƙararrawa har sai da tsohuwar ta leƙo.

"Baba, ina kwana? Wanda na sayar ɗin ne ya biyo ni gida."

Ta bi duk gidan da aka kai ƙaryar, ta kaɗa masa ƙararrawa.

Shi kuwa Tanimu ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Mai tirela ya dame shi da kira, garin kuma ya yi masa kaɗan. Ya cusa kayansa a jaka, ya ɗaure igiyar takalmi, ya rataya jakar.

Ta tare shi a zaure.

"Sauke ta. Ɗora a bayan kekena."

"Yaya, da nauyi fa."

"Tun da kake tafiye-tafiyenka ban taɓa raka ka tasha ba. Wuce gaba, in kuma ka yi nawa in taka ka."

Darasi: Mai nakasa ba kayan adon hotonka ba ne. In za ka bayar, bayar ka cire hannunka. In kuma ka saba ɗora bayin Allah kana saukewa bayan an kashe kyamara, ka sani kowannensu yana da ɗan'uwa a wani gari, kuma wata rana zai sauka a tasha.

Ku tura wa duk wanda kuka sani. Ku yi ta turawa har ya faɗa wayar Ciyaman ɗin garinku.