Wuƙar Kuɓewa

Mahaifina maƙeri ne a Wagini, kuma a ƙauyukanmu da wuya ka shiga gida ka rasa wuƙarsa a gindin murhu. Amma duk tsawon ƙuruciyata ban taɓa jin namiji ya bugi ƙirji da ita ba. Abin ya daɗe yana damuna tun kafin in san sunan abin da ke damun nawa.

A lokacin 'yancin kai bai daɗe ba, ana ta jin labarin cewa an sami mai a kudu, kuɗi sun fara yawo a birane. Mu dai a wurinmu labarin bai wuce manyan motocin da ke ratsowa ta Batsari ba, da 'yan samarin da ke hawa bayansu su ɓace. Ni ina ɗan shekara goma sha wani abu, ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. In ina zuga wa Baba wuta, kunnena na kan hanya.

Wuri ɗaya nake iya zama, shi ne ƙofar ɗakin kakata Iya Dije, uwar Baba. In sanyi ya shigo, da an ci tuwon dare sai in kwaso ragowar garwashin maƙera a kasko in kai mata, ta ƙara ƙirare, jikoki su kewaye. Ita ma ba mai zama haka kawai ba ce. Ko tana ɓarar gyaɗa, ko tana kaɗi, bakinta na tafiya hannunta na tafiya. Tana kirana maigida, irin wasan kaka da jika, ta ce ni ne mijin da bai taɓa kawo mata cefane ba.

Ranar da nake son ba da labarinta ranar kasuwar Batsari ce. A gefen kasuwa akwai wata babbar tsamiya inda masu son wuƙa ke haɗuwa: makiyaya, mahauta, da 'yan farauta. Ba lallai sai saye ya kawo su ba. Wani zai zare tasa daga kube ya miƙa, ta bi hannu hannu. Wannan ya ƙyasta ta da farce ya kai kunne, wancan ya aske gashin hannunsa da ita. Sun san hannun kowane maƙeri kamar yadda suka san shanunsu. Akwai wani na Tsaskiya da ke yin zane kusa da ƙota, shi ake ambata da girmamawa. Akwai na Buzaye masu ado da tagulla. Tabarmar Baba na can tsakiyar kasuwa, mata da manoma na tsugunawa suna tashi, amma ko sau ɗaya ban ga mutanen tsamiya sun ratso ta wurin ba.

Sai na zaɓi wadda ta fi kyau a cikin wuƙaƙenmu, na goge ta da rigata, na tafi na miƙa wa Buba, wani Bafillace daga wajen Karare wanda maganarsa ce ke yanke gardama a gindin tsamiyar. Ya karɓa da hannu biyu, don mutum ne mai kunya. Ya ƙyasta ta. Ba ta ce komai ba sai wani ɗan ƙas. Ya dafa tsininta a kan saiwa, ta ɗan lanƙwasa, ya miƙar da ita da yatsa.

"Ɗan samari," ya ce, "wagga ai wuƙar kuɓewa ce. Kai wa innarka."

Aka yi dariya. Da ya ga fuskata sai ya sassauta murya.

"Ba zagi na yi ba. Tana yanka. Amma ba ta riƙe kaifi, safe ka wasa ta, marece ka wasa ta. Ba ta kuka, ba ta da alama, kowace tsohuwa na da irinta. To mi za mu zauna mu faɗa a kanta?"

Ban faɗa wa Baba ba. Na bi bayan jakinmu har gida. Da aka kewaye wuta a ƙofar Iya, na kasa zama. In tsuguna, in miƙe, in tono garwashi da kara, har tartsatsi ya faɗa wa ƙanwata a zane.

"Maigida, cinnaku ne a wandonka?" in ji Iya. "Zauna ko ka ba mu wuri."

Sai maganar ta ɓalle mini. Na faɗa mata komai, har da dariyar. Na ce me ya sa Baba ba zai yi wuƙa irin ta maza ba? Ta daɗe tana murza abawa ba ta dube ni ba. Sannan ta buɗe kamar yadda ta saba buɗewa, don ita tana da nata salon.

"Ga wata nan ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙaya."

Muka amsa, "Ta zauna mu cire mata."

Ta ce wai an yi wani maƙeri da ya raba ƙarfe ɗaya biyu, ya ƙera wuƙaƙe biyu, ya da ƙanwa. Yayar ya ba ta wuta sosai, wani maharbi mai son wuƙa ya saye ta. Ƙanwar ya bar ta da taushi, ta faɗa wani gida mai yawan baki. Can ta yanka kuɓewa, ta fere kabewa, ta tsinke igiyar akuya, ta gyara kara, a miƙa ta ta saman darni aro, a dawo da ita ba a wanke ba. In ta dakushe a goga ta a bakin dutsen niƙa, ta tashi. Har ta rame don wasawa, ba wanda ya taɓa ɗaga ta sama ya dube ta.

Ran nan sai maharbin ya sauka a gidan. Ya zare yayar, ta yi wani kuka siriri, duk mazan unguwa suka taru. Ƙanwar na kwance a cikin toka tana ji. Da gari ya waye ta mirgina, ta mirgina, har ƙofar maƙera.

A nan Iya kan canza murya, ta yi ta wuƙa siririya, ta yi ta maƙeri mai kauri.

"Ubana, ƙarfe ɗaya ka raba mu. Mi ya sa ita ake taruwa a kanta, ni ake jefa ni a toka?"

"Ɗiyata, in na ƙara miki wuta za ki yi kuka mai daɗi. Amma ba kowane dutse zai iya wasa ki ba, ba kowane hannu zai iya da ke ba. Hannu ɗaya za ki sani har ki mutu."

"Na yarda."

Ya mayar da ita wuta, ya tsoma ta a ruwa, ya yi mata ƙota ta ƙaho da kube na jar fata. Wani attajiri ya saye ta. Yana shafa mata man shanu, yana rataye ta a bango, in baƙi sun zo ya zare ta a yi ta salati. Daga cikin kube takan ji ana daka a maƙwabta, ta ji ana cewa miƙo wuƙa, amma ba ita ake nufi ba.

Sai Iya ta ci gaba da kaɗinta.

"Ta yi da-na-sani?" ƙanwata ta tambaya.

"Wa ya sani? Ni ban shiga kuben ba."

Ni kuma na ce, "To gidan da ta baro fa, Iya? Sun neme ta?"

"Sun duba cikin toka, sun duba bayan randa. Suka aiki yaro kasuwa ya sayo wata. Kafin la'asar an ɗora miya." Ta kakkaɓe zanenta. "Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Yara suka watse suna tausayin wuƙar da ke rataye a bango. Ni ba ita ta tsaya mini a rai ba. Abin da na ji shi ne: kafin la'asar an ɗora miya. Ka ƙare kanka a hidimar gida, ranar da ka ɓace a aiki yaro kasuwa.

Akwai wani direban babbar mota da ke tsayawa Baba ya gyara masa ƙananan ƙarafa. Na roƙe shi wani karyayyen sifirin na mota don in ƙera wuƙa irin ta maza, ya ba ni. Ban ɓoye wa Baba ba, don ba a ɓoye ƙarar masaba. Ya zo ya tsaya a kaina yana kallo. Na zaci zai hana. Sai ya naɗe hannun riga, ya zauna a mazaunina, ya kama zugazugi. Ban taɓa ganin uba na zuga wa ɗansa ba sai ranar.

Wuƙaƙen farko sun tsage a ruwa. Bai ce mini komai ba sai, "Dubi launin ƙarfen, kar ka dubi ni." Da aka yi kwanaki, ɗaya ta fito. Na ƙyasta ta, ta yi kuka har cikin haƙorina.

Buba ya daɗe yana juya ta a gindin tsamiya. Ya aske gashin hannunsa, ya dafa ta a saiwa ba ta ko motsa ba.

"Hannun wa ne wannan? Ban san shi ba."

"Nawa ne."

"Kai ɗan wa?"

"Ɗan mai wuƙar kuɓewa."

Aka kwashe da dariya, amma wannan karon da ni ake yi. Wuƙar ta bi hannu hannu, ina jin sunana a bakin manya. Daɗin da na ji ba zan ƙaryata shi ba, har yau ban ji irinsa ba. Daga inda nake ina hango Baba, wata tsohuwa na tsugune a gabansa tana gwada wuƙa a kan karan dawa.

Na zaci yabon zai zaunar da ni. Sai ya ƙara mini ƙaiƙayi. In gindin tsamiya ya san ni, me zai hana birni ya san ni? Damina biyu ba ta cika ba na hau bayan motar direban nan zuwa Kaduna. Da na je sallama, Iya ta riƙe hannuna ta ce, "To maigida, ka sake ni ke nan ba ko tukuici." Tana dariya, amma ba ta saki hannun da wuri ba. Ban sake ganinta ba. Ina can saƙon rasuwarta ya same ni, bayan an yi sadakar bakwai.

A Kaduna ban ƙera wuƙa ko ɗaya ba. Na koyi walda. Shekarun ne ake gine-gine kamar ba gobe, kowa na son ƙofar ƙarfe da tagogi. Na sami abin hannu, na yi aure, na koma Kano, na sake komawa wani wuri. Ko'ina na zauna sai in ji kamar ana kirana a gaba.

A gida kuwa wuƙaƙen kanti suka shigo, farare, masu araha, ba sa tsatsa. Mutanen tsamiya suka ƙyasta su suka tofar da yawu, suka ci gaba da zuwa Tsaskiya, har maƙerin can ya bar wa 'ya'yansa sana'a da ranta. Matan da Baba ya yi wa aiki duk rayuwarsa su ne suka koma wa na kanti, ɗaya bayan ɗaya, ba da mugunta ba. Ya koma gyaran fartanya da lauje, daga baya ƙarfinsa ya ƙare.

Na daɗe ina ganin wannan ya tabbatar da abin da na fahimta a tatsuniyar Iya. Wanda ke son abu shi ke riƙe mai yin sa, wanda ke amfani da shi kawai ba ya waiwaye. Amma da shekaru suka ja, na fara tunanin ko ba gargaɗi take mini ba, ko ba zuga ni take ba. Ɗanta ne mai wuƙar kuɓewa, ta san abin da ya zaɓa, ta san kuma abin da zai same shi. Ta ajiye mini hanyoyin biyu kowace da ƙayarta, ta ƙi ce mini bi wannan.

A zuwana na ƙarshe kafin Allah ya karɓi Baba, na same shi a zaure da hantsi, ya jingina da bango. Na tambaye shi abin da ban taɓa iya tambaya ba: tunda ya san sirrin wuta, me ya sa bai taɓa yi wa mutanen tsamiya ba?

"Mai son wuƙa zai kula da ita ko wa ya ƙera," ya ce. "Yana da dutse, yana da lokaci. Ni wadda ke da goyo a baya da tukunya a wuta nake yi wa."

"Amma Baba, su ne suka bar ka."

"Sun sami wadda ta fi musu sauƙi. Ai abin da nake nema musu ke nan tun farko."

Ya faɗe ta a hankali, kamar maganar da ya daɗe yana faɗa wa kansa. Na dubi fuskarsa ina neman inda ciwon yake. Sai ya kawar da kai wajen ƙofa, ya ce in leƙa in gani ko motar da zan hau ta cika, kar ta tafi ta bar ni.